Ina baƙin man yake tafiya? Fashin baƙi kan injin mota mai yawan shan mai

An yi wa mota juye wata biyu da suka wuce. Yau an zaro geji, sai ga mai ya sauka har ƙasa da alamar ƙarshe. An leƙa ƙarƙashin motar, ko ɗigo babu a ƙasa. An tayar da ita, an tsaya bayan salansa, ba a ga hayaƙi ba. Mai motar ya koma wurin dillalin kamfani da ƙorafi, aka buɗe masa littafin motar aka nuna masa layin da ke cewa shan mai kaɗan ba laifi ba ne. Ya dawo gida da galan ɗin mai a but, da tambayar da ba a amsa masa ba.

Manyan hanyoyin da baƙin mai ke bi ya bar inji biyu ne: ko ya yi yoyo zuwa waje, ko ya shiga inda fetur ke ƙonewa ya ƙone tare da shi. Yoyo ba shi da wuyar ganewa. Gaskit ɗin murfin saman inji, sil ɗin gaba ko na bayan karanshaf, bakin filta, noti na ƙasan kwanon mai, duk wanda ya saki zai bar shaida, ko da murfin roba na ƙarƙashin mota ya tare ɗigon ya hana shi taɓa ƙasa. Wanda ke rikita mutane shi ne na biyun, wanda ba ya barin sawu.

A fara da gaskiyar da dillali ya faɗa, don gaskiya ce: babu injin fistin da ba ya shan mai ko kaɗan. Fistin yana hawa da sauka a cikin silinda, kuma dole a bar wani siririn shafen mai a jikin bangon silindar, in ba haka ba ƙarfe ya ci ƙarfe. Duk lokacin da wuta ta tashi a saman fistin, wani ɓangare na wannan shafen yana ƙonewa ko ya zama tururi ya bi hayaƙi. Bari mu yi ɗan lissafi. Mota mai silinda 4 da ke gudun kilomita 100 a awa, injinta na juyi 2,500 a minti, za ta yi awa 10 kafin ta ci kilomita 1,000. A cikin wannan lokaci wuta ta tashi a silindojinta sau miliyan 3. Idan ta sha rabin lita a tafiyar, to a kowane tashin wuta abin da ya ƙone bai wuce kashi ɗaya cikin 300 na ɗigo guda ba. Ido ba zai ga hayaƙin wannan ba, balle ma matatar hayaƙin da ke cikin salansar motocin zamani tana ƙarasa ƙone yawancinsa kafin ya fito. Shi ya sa mota kan sha mai sosai, bayanta kuma tas.

To, nawa ne "kaɗan"? A nan ne rigimar take. Littattafan motocin Volkswagen da Audi sun daɗe suna cewa inji na iya shan har rabin lita a kilomita 1,000. General Motors ya ɗauki kwat ɗaya, wato ɗan ƙasa da lita, a mil 2,000 a matsayin iyakar da ba ta wuce ƙa'ida ba. Toyota, a lokacin da yake gwada injinan da aka yi ƙorafi a kansu a Amurka, ya sa iyakar a kwat ɗaya cikin mil 1,200, kimanin kilomita 1,900. Waɗannan alƙaluma ba ma'aunin lafiyar inji ba ne. Layi ne da kamfani ya ja domin ya raba wanda zai gyara wa mota kyauta a ƙarƙashin garanti da wanda zai sallama. Lafiyayyen inji na zamani yakan kai daga juye zuwa juye ba a ƙara masa komai ba, ko a ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A 2015 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta bi bayanan motoci kusan rabin miliyan ƙirar 2010 zuwa 2014, ta gano kashi 98 cikin 100 na masu su ba sa ƙara mai tsakanin juye da juye. Ragowar kashi biyun kuwa sun taru ne a wasu injina ƙalilan, mafi yawa na Audi da BMW da Subaru. Ruwa ba ya tsami banza.

Ka haɗa wancan rabin litar da tazarar juye ta zamani ka ga abin da zai fito. Inji mai silinda 4 yakan ɗauki lita 4 zuwa 5. Kamfani ya ce a yi juye bayan kilomita 10,000, wasu ma 15,000. Injin da ke shan rabin lita a kowace kilomita 1,000 zai shanye lita 5 a kilomita 10,000, wato duk abin da ke cikinsa, kafin ranar juye ta zo. Kuma a takarda har yanzu lafiyarsa ƙalau. A ganina wannan shi ne ainihin abin da ya mayar da shan mai barazana ga ƙarkon inji a wannan zamani: an tsawaita tazarar juye, direbobi sun daina buɗe bonet, amma iyakar da ake kira "daidai" tana nan yadda take tun zamanin da ake juye bayan kilomita 5,000.

Yanzu mu shiga cikin injin. Kowane fistin yana ɗauke da ringi uku. Na sama biyun aikinsu su tare matsin wutar kada ya sulale ƙasa. Na ukun, na ƙasa, shi ne ringin mai: yana kankare man da ya fantsamu a bangon silinda, ya tura shi ta wasu ƙananan huji da ke jikin fistin ya koma kwanon mai. Mafi yawan labaran shan mai da suka yi suna a shekarun nan, idan ka bi diddiginsu, a kan wannan ringi na uku da waɗannan huji suke ƙarewa.

Dalili kuwa shi ne dokokin tsimin fetur da rage hayaƙi a Amurka da Turai da Japan sun matsa wa masu ƙera motoci, su kuma suka shiga neman duk inda inji ke asarar ƙarfi. Gogayyar ringi da bangon silinda na daga cikin manyan wuraren asarar. Sai aka sirantar da ringin, aka rage ƙarfin da yake danna bango da shi, aka kuma koma ga mai tsinkakke irin 0W-20, daga baya har 0W-16. Dabarar ta yi aiki, fetur ya ragu. Sai dai ringi mai laushin danni ba shi da rarar ƙarfi. Da zarar dattin ƙonannen mai ya fara taruwa a ramin da yake zaune, sai ya maƙale, ya daina buɗewa ya bi bango. Hujin da mai ke komawa ta ciki su toshe. Man da ya rasa hanyar komawa ya tsaya a wuri mafi zafi, ya dahu, ya zama sabon datti. Abin ya riƙa ciyar da kansa. Shi ya sa irin wannan injin yakan yi shekaru lafiya lau, sannan ya fara sha kaɗan kaɗan, sannan cikin ɗan lokaci ya ninka.

Misalin da ya fi ba mutane mamaki shi ne na Toyota, don sunan kamfanin a kan ƙarko aka gina shi. Injinsa mai lita 2.4 (girman silindojinsa ke nan, ba yawan man da yake ɗauka ba) da ake kira 2AZ-FE, wanda ke cikin Camry ƙirar 2007 zuwa 2009 da RAV4 ƙirar 2006 zuwa 2008 da wasu motocin Scion, wani reshen Toyota, ya yi ƙaurin suna da shan mai. A 2011 kamfanin ya fitar wa dillalansa sanarwar gyara, daga baya kuma ya tsawaita garantin wannan matsala zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Gyaran shi ne a sauya fistin da ringi da waɗanda aka sake wa fasali. Abin lura a nan: ɗimbin waɗannan injina sun ci gaba da aiki na tsawon shekaru a hannun mutanen da ba su yi gyaran ba, suna dai bin su da mai. Waɗanda suka buga, galibi mai ne ya ƙare musu ba a sani ba.

Audi ya sha irin wannan da injinsa na 2.0 TFSI a cikin A4 da A5 da Q5 na wajen 2009 zuwa 2011. Matakin farko na gyaransu shi ne sauya bawul ɗin numfashin inji da sil ɗin gaban karanshaf da sabunta manhajar kwamfutar motar, in hakan bai yi ba sai a sauya fistin da ringi. Subaru ya sasanta ƙarar da masu Forester da Outback da Impreza da wasunsu suka shigar, a 2016, ya ɗaga garantin daga shekara 5 ko mil 60,000 zuwa shekara 8 ko mil 100,000. A watan Oktoban 2022 masu taimaka wa alƙali a wata kotun tarayya a jihar Kalifoniya suka yanke wa General Motors biyan dala miliyan 102.6 kan shan man injinsa na V8 (mai silinda 8) mai lita 5.3. Kamfanoni daban, ƙasashe daban, cuta kusan iri ɗaya.

Ba kullum ne laifin ringi ba, kuma a nan ne ake yawan sauke inji ba gaira ba dalili. A saman inji kowane bawul yana da ɗan sil na roba da ke hana man da ke shayar da kamshaf zirarewa ta jikin sandar bawul ɗin. Zafi da shekaru suna busar da robar nan ta taurare. Alamarsa sananniya ce: shuɗin hayaƙi na 'yan daƙiƙoƙi idan aka tayar da mota bayan ta kwana, ko bayan ta daɗe tsaye injin na aiki sannan aka taka totur, ko bayan doguwar gangara da ƙafa a ɗage. Injin N63 na BMW, V8 ɗin da aka dasa masa turbo biyu (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) a tsakiyar kwarin injin, zafin da ke taruwa a wurin ya sa ya shahara da wannan. Shuɗin hayaƙin da ke ƙaruwa idan an taka mota da ƙarfi kuwa ya fi nuni ga ringi.

Akwai kuma ɗan ƙaramin abin da ya kamata a fara dubawa kafin komai, bawul ɗin PCV. Duk yadda ringi ya kai da kyau, wani ɓangare na iskar ƙonewa yana sulalewa zuwa cikin kwanon mai. Dole a fitar da ita, don haka ake zuƙe ta ta wannan bawul a mayar da ita bututun shigar iska ta sake ƙonewa. Iskar tana ɗauke da feshin mai. Idan bawul ɗin ya maƙale a buɗe, ko fatar robar da ke cikinsa ta yage, inji zai riƙa zuƙar mai kai tsaye kamar mai shan ruwa da tsinke. Idan ya toshe, matsi zai taru a ciki ya riƙa tura mai ta kowane sil da gaskit. A motoci da yawa sauya shi aikin 'yan mintuna ne. Bakaniken da ya ce a sauke inji bai ko taɓa wannan bawul ba, a nemi ra'ayin wani.

Turbo shi ma ƙofa ce. Sandarsa tana juyi fiye da sau 100,000 a minti a kan shafen mai, kuma idan ta yi sako-sako ko bututun da ke mayar da man ya toshe, mai zai bi ta ɓangaren iska ko na hayaƙi. A injin dizal wannan na iya zama haɗari na gaske, domin dizal yana iya cin baƙin mai a matsayin makamashi, injin ya kama gudu da kansa, a kashe makulli ya ƙi mutuwa.

Shi kansa man yana da nasa rabon. Akwai gwajin da ake kira Noack, inda ake dafa mai a zafin digiri 250 na ma'aunin Celsius na awa ɗaya a auna nawa ya tsere ya zama tururi. Ma'aunin zamani na API, cibiyar man fetur ta Amurka, bai yarda ya wuce kashi 15 cikin 100 ba, wasu kamfanonin motoci kuma sun fi haka tsanani. Mai mara inganci, ko jabu, ko wanda ya wuce lokacinsa a cikin inji, ya fi saurin ƙafewa kuma ya fi barin datti a ramin ringi. Yanayin tuƙi ma haka: doguwar tafiya da gudu mai yawa, jan kaya mai nauyi, hawan tudu, duk suna ƙara sha. Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne motar da ba ta yin sai gajerun tafiye-tafiye. Injinta ba ya yin zafin da zai kori fetur da raɓar da ke gangarawa cikin mai, don haka geji ya riƙa nuna cike alhali wani ɓangare na abin da ke ciki ba mai ba ne. Ranar da aka yi doguwar tafiya, fetur da ruwan su ƙafe, geji ya faɗi lokaci guda, mai mota ya ce tafiyar ce ta lalata masa inji. Shan ya daɗe ana yi, ɓoye shi aka yi.

Me shan mai ke yi wa ƙarkon inji? Ɓarnarsa iri biyu ce, mai tafiyar hawainiya da mai faɗowa rana tsaka. Ta farko: tokar man da ya ƙone tana lulluɓe fulogi har wuta ta fara tsallake, tana ɓata na'urar auna iskar da ke jikin salansa, kuma sinadarin fosforas da ake sa wa mai don kare ƙarfe yana kashe matatar hayaƙi sannu a hankali. Dattin da ke taruwa a kan fistin yana ƙara yiwuwar wuta ta tashi kafin lokacinta. A ƙananan injina masu turbo da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, ɗigon mai da ya shiga ɗakin ƙonewa na iya kunna wuta da wuri da ƙarfin da zai fasa fistin, kuma saboda wannan matsala ce aka fito da ma'aunin mai na API SN Plus a 2018 da SP a 2020.

Ta biyun ita ce mai kashe inji. Idan mai ya ragu daga lita 4 zuwa 2, ragowar yana yin aikin duka, ya fi zafi, ya fi saurin lalacewa. A kwana ko a birki mai ƙarfi sai ya karkata gefe guda, famfon mai ya zuƙi iska. Metal ɗin karanshaf, waɗanda ba abin da ya raba su da ƙarfen da ke juyi sai shafen mai da bai kai kaurin gashi ba, su ne ke fara ji. Sarƙar taimin da na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul su ma da matsin mai suke aiki. Ga kuma abin da direbobi da yawa ba su sani ba: jar fitilar nan mai hoton butar mai, a yawancin motoci, matsi take aunawa, ba yawan man ba. Ba ta kamawa sai matsin ya riga ya faɗi warwas. In ta kama kana tafiya, ba cewa take ka ƙara mai idan ka isa gida ba, cewa take ka sauka gefen hanya ka kashe inji yanzu. Wasu motocin suna da wata fitila daban, galibi ruwan ɗorawa, mai nuna raguwar man, wasu kuma an cire musu geji gaba ɗaya an bar direba da abin da allo ya nuna masa.

Kafin a yanke hukunci a kan inji, a auna. A tsayar da mota a wuri mai daidaito, a kashe ta, a jira minti biyar zuwa goma mai ya gangara, a cika shi zuwa alamar sama, a rubuta kilomita. Bayan kowace kilomita 500 ko 1,000 a sake dubawa a yanayi iri ɗaya, a rubuta abin da aka ƙara. Tazarar da ke tsakanin alamar sama da ta ƙasa a yawancin motoci kimanin lita ɗaya ce. Abin da za ka nema a rubutun nan ya wuce adadi guda, alkiblar abin za ka duba. Injin da ya shekara uku yana shan lita ɗaya a kilomita 4,000 ba ya canzawa, ni ban ga dalilin buɗe shi ba. Wanda bara yake shan lita a 5,000, bana kuma a 2,000, wannan yana kan hanyar wani wuri. Kada kuma a cika mai ya wuce alama don gudun raguwa, karanshaf zai riƙa dukansa ya yi kumfa, shan ma ya ƙaru.

A gareji, gwajin matsin silinda yana iya yaudara. Yana auna ringi biyun sama ne, ba ya faɗin komai kai tsaye a kan na ukun. Inji na iya ba da matsi mai kyau alhali ringin mansa ya maƙale ƙam, har ma man da ya yi yawa a bango ya taimaka wajen toshe kafa sakamakon ya ƙara kyau. Duba fulogi ɗaya bayan ɗaya, da zura 'yar kyamara ta ramin fulogi a ga bangon silinda da kan fistin, sun fi faɗin gaskiya.

Sai maganar da ba ta ƙarewa, ta zuba mai mai kauri. A tsohon inji da ƙarafansa suka cinye, ƙara kauri mataki ɗaya yakan rage sha, kuma littattafan motoci da yawa sun ba da zaɓin kauri fiye da ɗaya gwargwadon zafin yanayi. Amma tsallakawa daga 0W-20 zuwa 20W-50 a injin zamani mai ƙananan hanyoyin mai, barin jaki ne ana dukan taiki. Idan ringin mai ne ya maƙale, mai mai kauri ya fi wuyar kankarewa da wuyar bi ta hujin da suka riga suka ƙuntata, ga jinkirin isa saman inji da safe. Magungunan kwalba masu alƙawarin tsayar da hayaƙi yawanci kaurara mai kawai suke yi. Jiƙa fistin da sinadarin narkar da datti ta ramin fulogi yakan saki ringin da bai daɗe da maƙalewa ba, wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci a'a, kuma ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye. Masu cewa tunda kullum ana ƙara sabon mai ba sai an yi juye ba, su ma sun yi kuskure: datti da toka suna nan a ciki, filta kuma tana cika. Irin wannan injin ma shi ya fi buƙatar a gajarta masa tazarar juye.

Idan abin ya kai ga fulogi na mutuwa a kai a kai, ko bangon silinda ya nuna zane, sai garambawul: sababbin fistin da ringi, a gyara bangon silinda in yana gyaruwa, ko a sauya gangar injin. A injinan da matsalarsu ta fasali ce, kamar 2AZ-FE ko 2.0 TFSI na waccan ƙirar, mayar da irin tsohon fistin ɗin da sabon ringi na iya dawo da cutar bayan wasu shekaru, don haka a tabbatar wanda aka sake wa fasali ne za a sa.

Mai sayen mota ta hannu shi ne ya fi kowa shiga duhu, domin gwajin tuƙi na rabin awa ba ya nuna shan mai, kuma cika geji kafin mai saye ya iso ba ya ɗaukar minti biyu. Abin da zai iya yi shi ne ya nemi lambar injin, ba sunan motar kaɗai ba, ya bincika tarihin wannan injin a wannan shekarar ƙira. Ya nemi a tayar da ita a gabansa injin na sanyi, ya shafa yatsa a cikin bakin salansa ya ji ko baƙin da ke wurin busasshe ne ko mai maiƙo, ya sa a kwance fulogi ko da guda biyu. Ya kuma leƙa but. Galan ɗin mai da aka sha rabinsa, da mazurari kusa da shi, sukan faɗi abin da mai sayarwa bai faɗa ba.